Kifin da Na Cire wa Ƙaya

Shekara bakwai ke nan da muka sallaci Rakiya a Harami bayan la'asar, muka raka ta makwancinta. Shekara arba'in da ɗaya muka yi da aure. Na san mai karatu zai sa ran in ba shi labarin azuminta da sadakarta da yadda take tarbar alhazan garinmu idan sun sauka. Duk tana da waɗannan, kuma Wanda ta yi dominSa ya fi ni sanin adadinsu. Abin da nake so in rubuta yau ya fi wannan ƙanƙanta, har na yi shekaru ina jin nauyin faɗarsa. Dattijo ne mai farin gemu, mazaunin Makka, zai gode wa Allah a jarida saboda wani fim na Sinawa.

Ina yaro mahaifina ya taso da mu daga ƙasar Katsina ta hanyar ƙasa. Mun zauna a Cadi, mun daɗe a Sudan, kafin mu tsallaka teku. A hanyar nan na tsinci Larabci iri biyu da ɗan Faransanci, daga baya kasuwanci ya ƙara min Turanci. Tasbihi da darduma da hula muke sayar wa alhazai a ɗan shagonmu na unguwar Aziziyya, kuma neman kayan nan ya kai ni Bombay da Istanbul da Jakarta. Da kasuwa ta juya sai na koma Guangzhou da Yiwu, inda na koyi Sinancin da zai ishe ni ciniki da neman alƙibla. Rakiya kuwa a Sudan aka haife ta, iyayenta Sakkwatawa ne. Tun da na kawo ta gidanmu na unguwar Utaibiyya a nan Makka, tafiyarta mafi nisa ita ce Madina.

A duk ƙasashen nan na ci abinci da mutanen da ban san sunan ubansu ba. Na sa hannu a tire ɗaya da Sudanawa. Na zauna da Turkawa a kan ɗan teburinsu na ƙasa. A Guangzhou, a gidan abincin Musulmin Sin, na zauna a teburin nan mai juyawa, wani dillali da ya gama tsuga min tsada da safe yana ɗebo nama yana sa min a kwano da rana. Amma a gidana, shekara kusan arba'in, ban taɓa cin abinci da matata ba. Za ta kawo tire ɗakin baƙi, wanda a nan muke ce wa majalis, ta ajiye, ta rufe da faifai, ta ce, "Malam, ga abinci," ta fita. Ita da yara su ci nasu a ciki. Haka na ga mahaifina yana yi, haka shi ma ya gani. Maƙwabtanmu Hijazawa, Larabawan wannan yanki, suna shimfiɗa ledar cin abinci ɗaya su zauna da mata da 'ya'ya, ina jin hayaniyarsu ta taga, in ce a raina wannan tasu al'adar ce. Ban taɓa tambayar kaina ko Rakiya ma tana jin hayaniyar ba.

Kallon fina-finan Sinawa ya shigo gidanmu ne tare da ciwo. Ciwon suga ya taɓa mata ƙoda, aka fara kai ta wankin ƙoda sau uku a mako. Idan ta dawo ba ta iya komai sai kwanciya. 'Yarmu Munira ce ta nemo mata wata tasha da ke nuna dogayen fina-finan tarihi na ƙasar Sin bayan la'asar, kashi-kashi, da fassarar Larabci a ƙasan allo. Kafin nan ta gwada na Misirawa ta ce ihu ya yi yawa. Na Turkawa kuwa rabin lokaci fuskarta na cikin mayafi. Na Indiya ta so su tana budurwa, amma ta ce yanzu gwiwarta ma ciwo take idan ta ga suna guje-guje a kan duwatsu. Ranar da ta fara ganin Sinawan nan da riguna har ƙasa, hannun riga ya rufe yatsu, yaro yana durƙusa wa babba, mace da namiji suna magana kowa idonsa a ƙasa, sai ta gyara zama ta ce, "Waɗannan ai 'yan gidanmu ne. Sun san kunya."

Matsalar ita ce idonta ya yi rauni, rubutun kuma gudu yake. Ni kuma lokacin na bar wa yara shago, ina zaune ba aikin fari. Haka na zama tafinta. Ban karɓi aikin da daɗin rai ba. Na ce mata na je ƙasar nan ya fi sau goma, ban taɓa ganin mutum ya tashi sama da takobi ba, kuma ba wanda ke yawo da gashi har gadon baya. Ta ce, "Kai kasuwa ka je, Malam. Ni cikin gidajensu nake shiga."

Dole in amsa wani laifi a nan. Ni ba tafinta mai amana ba ne. Duk inda namiji ya buɗe baki zai gaya wa mace abin da ke zuciyarsa, sai harshena ya yi nauyi, in ce, "Ya ce ta gaida gida." Ta ƙyale ni sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta ce, "Ikon Allah. Layi biyu cur na rubutu, duk gaida gida ne? Lallai mutanen nan sun fi Sakkwatawa iya gaisuwa." Na yi kamar ban ji ba.

Fim ɗin da ya fi kama ta labarin wani alƙali ne da sarki ya fusata da shi, ya tura shi wani ƙauye a bakin iyaka. A ƙauyen akwai wata bazawara mai sayar da shayi da abinci. Sunayensu sun gagari bakin Rakiya, sai ta raɗa musu nata: shi Ɗaure-Fuska, ita Mai Shayi. A kashin farko mutumin ba abin so ba ne ko kaɗan. Ya sa an bulale wani talaka ba tare da ya saurare shi ba, kuma idan aka kawo masa ruwa ko kallon mai kawowa ba ya yi. Kullum yana zuwa rumfar matar, ya zauna a kusurwa shi kaɗai, ya ci, ya tashi. Mun kai kashi na goma sha biyar ban ga abin da ya faru ba. Na ce da Misirawa ne da yanzu an yi aure an rabu an je kotu an dawo. Na ce mutumin nan mugu ne, a kashe shi mu huta.

Ta ce, "Ba mugu ba ne. Bai iya ba ne. Ba wanda ya koya masa." Sannan ta ce in daina bin rubutu kawai, in riƙa duba hannunsa.

Na duba, na kuma tuna baya. Gaskiyarta ce. Wanda a farko ake ajiye masa kofi bai ko motsa ba, a kashi na takwas ya fara miƙa hannu ɗaya ya karɓa. A na goma sha huɗu da hannu biyu ya karɓa. Ni na san wannan al'ada, domin haka 'yan kasuwar Yiwu suke karɓar katin adireshi, amma na ɗauke ta dabarar ciniki ce kawai. A na ashirin ya je gidan talakan da ya sa aka bulale, ya tsaya a ƙofa, ya kasa shiga, ya koma. Sai bayan kashi uku ya sake zuwa ya shiga. Rakiya ta ce abin da ya sa take yarda da su ke nan. A ganinta, wanda ya kwana mugu ya tashi waliyyi, ko dai tsoro ne ya kama shi ko kuma ƙarya yake. Mutumin gaske sai ya je ƙofa ya dawo tukuna. Soyayyarsu ma haka take. Ba ta cikin baki, tana cikin wanda ya matsar da fitila don kada hayaƙi ya dami wani, da wanda ya lura takalmin wani ya tsage. Na iya harsuna biyar, ita ko kalma ɗaya ta Sinanci ba ta sani ba, amma ta riga ni fahimtar abin da ake faɗa.

Ana cikin haka sai ta daina cin abinci. Ba rana ɗaya abin ya zo ba. Loma biyar ta koma uku, uku ta koma kurɓin ruwa. Likita ya ja ni gefe ya ce, ya Hajji, na'ura tana wanke jini ne, ba ta ciyar da mutum. Idan ta ci gaba a haka jikinta ba zai ɗauki wankin ba, kuma idan aka tsayar da wankin ka san sauran. Munira ta dafa duk abin da aka yarda ta ci, na Hausa da na Sudan da na Hijaz. Tire yana shiga yana fitowa yadda ya shiga. Ni kuma na yi abin da na iya. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta na yi mata wa'azi, cewa jiki amana ne, ƙin ci kuwa zalunci ne ga rai. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Wa'azin ya yi kyau, Malam. Cikin ne bai ji ba." Na juya na koma majalis, na buɗe faifai, na ci nawa.

Kallo kaɗai ne ba ta bari ba. A wannan makon muka zo kashi na ashirin da takwas. Labari ya iso wa Mai Shayi cewa ƙanenta ya mutu a yaƙi. Ta rufe rumfa, kwana uku ba ta sa komai a baki ba. Maƙwabta sun yi lallashi sun gaji. Sai ga Ɗaure-Fuska ya shigo da kifi da shinkafa. Bai tafi kusurwarsa ba, ya zauna a gabanta. Na gyara murya ina jiran rubutu, rubutu bai zo ba. Ya ɗauki tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, ya shiga cire ƙayar kifin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Da ya gama ya ɗora tsokar a kan shinkafarta, ya sunkuyar da kai ya fara cin tasa, bai dube ta ba. Aka daɗe a haka. Can sai hannunta ya motsa.

Shirun ya dame ni, na ce, "Ba su ce komai ba fa."

Rakiya ta ce, "Ai sun gama magana." Idonta na kan allo. Bayan ɗan lokaci ta ƙara da cewa, "Kashi ashirin da takwas ya ɗauka. Bai makara ba."

Har yau ban sani ba ko da ni take. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba. Abin da na sani shi ne washegari da safe na tafi kasuwar kifi da kaina, abin da rabona da yi tun Munira tana goye. Na sayo kifin hamur mai kyau, na ce a dafa shi yadda likita ya ce, ba gishiri. Da aka sauko daga azahar aka kai min nawa majalis kamar kullum. Na zauna na dubi faifan nan. Na tashi na ɗauki tiren, na kai ƙofar majalis, na dawo na ajiye. Wallahi sai da na tuna alƙali a ƙofar talaka, na yi wa kaina dariya. Na sake ɗauka.

Munira ta ci karo da ni a tsakar gida, ta zaro ido. Ta ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ce ta tsaya, zafi ya koro ni. Ta ce, "Baba, mukayyif ɗin majalis ya lalace ne?" Na ce lafiyarsa ƙalau, ta ba ni hanya.

Da na ajiye tiren a gaban Rakiya na zauna, sai ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska kamar amarya. Ta ce, "Malam, lafiya? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Waɗanne mutane? Daga ni sai ke sai Sinawa."

Na wanke hannu na fara cire ƙaya. Na tura tsokar gefenta, na sunkuya ina cin nawa, kifi ba gishiri, ban san ma me nake taunawa ba. Ban ɗaga kai ba, amma ina ganin gefen tiren. Na ga yatsunta sun zo. Loma ɗaya. Ta biyu. A ta uku ta tsaya, ta zaro wata 'yar ƙaya daga bakinta, ta ɗaga ta sama ta ce, "Alƙalin bai bar ko ɗaya ba."

Na ce, "Shi sai da aka koya masa kafin a ɗauki hoton."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Loma huɗu ta ci ranar. Washegari bakwai.

Ba zan ce kifina ne ya tashe ta ba. A makon likita ya canza mata magani, kuma kwana na hannun Allah. Abin da zan iya shaida shi ne ta ci, jikinta ya ɗauki wankin, aka ƙara mana shekara ɗaya da wata huɗu. A cikinsu ban sake cin abincin rana a majalis ba sai idan baƙo ya zo. Kuma a wannan ɗan lokacin na san matata fiye da yadda na san ta a shekara arba'in. Na gano ba ta son yaji, saboda ni take zuba shi tun tana amarya. Na gano ƙanzon shinkafa ya fi mata saman tukunya daɗi. Wanda ya fi tsaya min a rai kuwa, wata rana ta ɗauki loma ta hura, ta ce ashe haka abinci yake da zafinsa. Na tambaye ta me take nufi. Ta ce ai ba ta taɓa fara ci ba sai tirena ya dawo, ko zan nemi ƙari. Ba da ƙorafi ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin yanayin gari. Shekara arba'in tana cin abinci mai sanyi, ɗaki ɗaya tsakaninmu.

Ba na zagin al'adar iyayenmu. Mahaifina bai ƙi mahaifiyata ba, ya goya ta a bayansa a wani rafi a Cadi, ina kallo. Ware kwanon nan girmamawa ce a yadda suka san ta, kuma mai yiwuwa da ya zauna ci da ita, ita ce za ta fara tashi. Laifina ba bin al'ada ba ne. Laifina shi ne na zaga duniya ina kwatanta yadda kowace al'umma take zama da ci da sha, ina dawowa ina ba da labari a majalis, ban taɓa juyowa na tambayi mutum ɗaya da ke bayan labule ita me take so ba.

Mun kalli fim ɗin har ƙarshe. Sai a kashi na ƙarshe alƙalin ya yi magana, ita ma gajeriya. Sarki ya yafe masa ya kira shi fada, ya ƙi tafiya. Ya zo rumfa ya zauna a gaban matar, ya ce ta ajiye masa wannan wurin gobe, da jibi, da duk ranar da ta rage masa. Na karanta, na fassara mata kalma da kalma, ban rage komai ba. Ta juyo ta ce, "Yau ba gaida gida?" Na ce yau babu.

Yanzu idan na dubi gidan nan nakan tambayi kaina me za ta ce. Jikarmu Rahaf, 'yar Munira, tana jami'a, kuma ta gaji kakarta wajen son fina-finan Sinawa. Sai dai a waya take kallo, ta ninka gudunsa biyu, mutane suna magana kamar tsuntsaye. Idan ta ga an zauna shiru sai ta ja da yatsa ta wuce. Akwai ma waɗanda ake taƙaita mata kashi arba'in a minti goma. Na ce mata wurin da take tsallakewa nan ne labarin yake. Ta amsa da Larabcinta na 'yan Makka, tana kirana Sidi yadda suke kiran kaka, ta ce, "Ya Sidi, wa ke da lokacin jiran mutum ya karɓi kofi?" Na san da Rakiya na nan da ta ƙwace wayar ta ce a mayar baya. Amma na san kuma da ta ji daɗin wasu abubuwan. Matan cikin sababbin fina-finan suna karatu, suna shari'a, suna jan runduna, ba sa jiran a zo a cece su. Da ta ce wa Rahaf ta duba da kyau, ba don soyayyar kaɗai ba.

Abin da nake jin zai fi ba ta mamaki shi ne cin abinci. Mu da muka ware kwano saboda kunya mun wuce, ga wasu sun zo suna ware shi ba tare da wani dalili ba. Mai babur ya kawo leda ƙofar gida, kowa ya ɗauki tasa ya shige ɗaki, ido a waya. Har Hijazawan maƙwabtanmu na daina jin hayaniyarsu ta taga. Abin da na yi shekara arba'in kafin in koya, yara suna da shi a hannu kyauta suna ajiyewa.

Shi ya sa na kafa doka ɗaya a gidan nan, ni da ban cika kafa doka ba yanzu. Ranar Juma'a idan aka sauko daga masallaci, leda ɗaya ake shimfiɗawa, maza da mata, surukai da jikoki. Wayoyi kuwa a kan faifan nan ake tara su, wanda ta yi shekaru tana rufe min abinci da shi. Kifi ake dafawa, kuma ba mai taɓa shi sai na gama cire ƙaya. Yaran sun ɗauka tsufa ne. Munira ce kaɗai ta sani.

Rakiya ba ta bar gida ko gona ba, ba ta bar rubutu ba. Ta bar mutum ɗaya da ta yi haƙuri da shi har ya kai kashinsa na ashirin da takwas, ba ta taɓa ce masa mugu ba. Na gode wa Allah da bai ɗauke ta ba sai da na shiga ɗakin nan da tire. Na gode wa wasu mutane a can ƙasar Sin da ban san su ba, da suka yarda su bar allo shiru na ɗan lokaci. Ya Allah, Ka yalwata mata kabarinta, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna da zafinsa, ba tare da ta jira kowa ba.

Juma'ar da ta wuce na cire ƙaya, na ɗauko tsokar da ta fi kyau, sai na ga hannuna ya nufi gefen dama, inda take zama. Ya tsaya a iska. Munira ta matso da kwanonta wurin a hankali, ba ta dube ni ba. Na ajiye mata, ta ci.